Kwana Huɗu a Wurin Goni Mala

Tun da na dawo daga Njamena, duk inda na zauna sai an tambaye ni. A ofis, a majalisarmu ta Maisandari bayan la'asar, har a wajen ɗaurin aure: "Kyari, yaya Chadi? Ka samo abin da ka je nema?" Ni kuma in ce alhamdu lillahi, in kawo zancen zafin garin da zaƙin shayinsu, a yi dariya a wuce. Na gaji da wannan amsar. Bari in rubuta abin yadda ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ina koyar da zane a wata kwaleji a nan Maiduguri, ina kuma karatun digiri na uku a fannin tarihin fasahar zane a wata jami'a mai nisan yini guda a mota. Bincikena a kan zayyanar Alƙur'ani ne, rubutun hannu irin na Barno, wato adon nan na ja da rawaya da kore da ake yi a gefen shafi, da kuma babban da ke cika shafi guda a kan kowane rubu'i na littafin. Duk mai sayar da littattafan da na tambaya a kasuwa, suna ɗaya yake ba ni: Goni Mala na Konduga. Lokacin da fitina ta yi tsanani ya kwashe iyalinsa ya ƙetare zuwa Chadi, bai sake dawowa ba. A wurin ɗaya daga cikin masu littattafan na samu lambar 'yarsa, Yagana. Na kira ta, ta ce Baba yana nan, idonsa ne dai ya fara rauni, in zo.

Farfesan da ke duba aikina mutum ne mai faɗa, ina jin tsoronsa kamar ɗan firamare. Da na gaya masa a waya sai ya ce, "Kyari, shekara huɗu kana kan babi na biyu. Je ka ka dawo da hotuna da hira. Nan da kwana goma sha biyu za ka gabatar da takarda a gaban malaman sashe. In ka rasa wannan zaman, sai baɗi." Na lissafa: kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, huɗu a can, sauran na rubutu da tafiya jami'a. Na ga ya isa.

Da bazara ne, mangwaro ya cika gari. Na isa tashar Muna da sassafe da jaka ɗaya, kyamara, ƙaramar rikoda, da takardar tambayoyi ashirin da biyar da na buga na sa a leda. Mun cika mota tun ƙarfe bakwai, amma ba mu motsa ba sai da sojoji suka buɗe hanya, aka jera motoci kamar ayari. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Shuwa, Hajja Fanne, mai kai atamfa Kusiri ta ƙasar Kamaru ta dawo da busasshen kifi. Ta dube ni, ta dubi jakar da na rungume.

"Ɗana, kai ba ɗan kasuwa ba ne. Me ya kai ka wannan hanyar?"

Na ce karatu nake, ina neman zama dokta.

Ai kuwa na jawo wa kaina. Wani tsoho a kujerar baya ya ɗago ƙafarsa da ta kumbura ya ɗora tsakanin kujeru, ya ce in duba masa. Wata mata ta miƙo mini kwalin magani in karanta mata. Na yi ta bayani cewa ba irin wannan doktan ba, nawa na zane ne. Tsohon ya sauke ƙafarsa a hankali ya ce, "Zane ma ciwo yake yi?" Motar ta ɗauka da dariya. Daga nan har Dikwa ba wanda ya kira ni da wani suna sai Likitan Zane.

Ba zan yi dogon bayanin hanyar ba, waɗanda suka bi ta sun sani. A sauka, a taka da ƙafa a wuce shinge, a sake hawa. Ƙauyukan da na sani da yarinta sun zama kango. A Dikwa taya ta fashe, muka zauna a gindin wata bishiyar maina, Hajja Fanne ta kwance ƙulli ta ba ni dabino da soyayyen kifi, tana yi mini faɗa wai wa ke fitowa tafiya da takardu ba guzuri. Mun shiga Gamboru da yamma liƙis, an rufe gadar kan iyaka. Ita ce ta kai ni gidan ƙaninta, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure tare da wasu direbobi biyu, aka kawo burabusko da miyar yakuwa. Wannan ne abincin gida na ƙarshe da na ci.

Da safe muka taka gadar zuwa ɓangaren Kamaru. Fasfo da katin rigakafi ba su ba ni matsala ba, kyamarar ce ta ba ni. Wani jami'i ya ɗaga ta yana juyawa, yana tambayata da Faransanci. Na miƙa masa wasiƙar jami'a, ita kuma da Turanci take. Muka tsaya muna kallon juna. Da na fara bayani da hannu, ina zana murabba'i a iska, sai fuskarsa ta ƙara ɗaurewa, ina jin ya ɗauka taswirar wani wuri nake nufi. Hajja Fanne ce ta ajiye ɗaurin atamfarta ta shiga tsakani da Larabcin Shuwa. Ban ji duk abin da ta ce ba, amma na ji kalmar Alƙur'ani, na kuma ga ta nuna kaina da yatsa ta girgiza hannu. Mutumin ya yi murmushi ya miƙo mini kayana. Da muka yi gaba na tambaye ta me ta ce masa.

"Na ce karatu ne ya yi maka yawa, amma ba ka da cutarwa."

A Kusiri muka rabu. Ta riƙe hannun jakata ta ce, "In ka je wurin tsohon, kar ka je hannu biyu. Sayi sukari da ganyen shayi. Kuma ka zauna, ɗana. Ku 'yan boko gindinku ba ya ɗumama tabarma." Na yi godiya, na sayi sukarin da shayin.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Njamena babura ne. Mu da muka yi shekara da shekaru ba mu ga ɗan acaba a cikin Maiduguri ba, sai ga su kamar ƙudaje. Da na hau na farko sai na kama mai babur ɗin da hannu biyu, yana ta dariya yana ce mini wani abu da ban gane ba. Na sauka a wani ƙaramin masauki kusa da kasuwa, ɗaki mai fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa har ya yanke mini dasashi, da shayi a ɗan kofin gilashi, baƙi ƙirin, sukarinsa ya kai a tsayar da cokali. Suna da wani abu kisar, ɗan'uwan sinasir ɗinmu ne amma siriri kamar takarda. Da miyar kuɓewa busasshiya ya yi mini daɗi ƙwarai. Tuwonsu kuwa namu ne, suna kawai aka canja. Da azahar gari yakan mutu, ofisoshi a rufe, kowa ya nemi inuwa. Ni da nake ƙirga awanni, wannan ya dame ni.

Gidan Goni yana bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Yagana ce ta tare ni a ƙofa, mace mai kimanin shekara arba'in, mijinta ya rasu, tana haɗa turaren wuta tana sayarwa. Tun daga zaure na ji ƙamshin gida. Ta gaishe ni da Barbarci, "Wushe, wushe," har ƙirjina ya yi sanyi.

Goni Mala yana zaune a ƙarƙashin rumfa a kan buzu, ɗan siririn tsoho, gemu fari fat, tabarau mai kauri ɗaure da zare. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi ɗan wane ne ni, na ce daga Tsohuwar Maiduguri nake, na faɗi sunan kakana. Ya ce ya san shi, sun taɓa cin tuwo a akushi ɗaya wajen wata sauka. Ya shiga tambayata mutane ɗaya bayan ɗaya: wane yana nan? Masallacin kaza an gyara? Tsamiyar bakin kasuwar Konduga tana tsaye? Rabin waɗanda ya ambata sun rasu, rabi ban san su ba. Ina amsawa ina satar kallon agogo.

Da ya sa Yagana ta fito da gafakar fata ta buɗe, sai na manta da agogon. Shekara huɗu ina kallon hotunan zayyana a littattafai, ban taɓa ganin irin wannan ba. Layuka suna shiga ƙarƙashin juna suna fita kamar saƙar faifai, ka bi ɗaya da ido har ka gaji ba ka ga inda ya tsinke ba. Jan ba irin na kasuwa ba ne, yana da duhu kamar jan ƙasa bayan ruwa. Ya ce wannan ne Alƙur'ani na ƙarshe da zai rubuta, rubutun ya ƙare tun bara, manyan zayyana uku sun kammala, saura ɗaya.

Kwana uku na yi ina zuwa da safe ina komawa da yamma. Na ɗauki hoton kowane shafi mai ado. Na ɗauki alƙalumansa na kara, da 'yan kwalaben tawada, da ƙullin ƙaro da bagaruwa. Na ajiye rikoda a gefen buzunsa, na fito da takardar tambayoyina. Jami'a ta ce sai wanda aka yi hira da shi ya sa hannu a takardar amincewa, na karanta masa na fassara. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Wato in rubuta cewa na yarda in yi magana da baƙona?" Ya karɓi birona ya juya shi, ya mayar mini, ya tsoma alƙalaminsa a tawada ya rubuta sunansa. Sa hannun ya fi duk abin da ke cikin fayil ɗina kyau.

Hirar ba ta tafi yadda na tsara ba. In tambaye shi sunan wani ado, sai ya ɗauko labarin malaminsa, wani makaho-makaho a wani ƙauye bayan Konduga da ya sa shi shekara biyu yana jan layi kawai. In tambaye shi daga ina ake samun rawaya, sai ya koma kan wata tafiya da suka yi da jaki. Ni kuwa tambaya ashirin da biyar gare ni, kwana huɗu gare ni. Duk sanda ya yi nisa sai in jawo shi da ladabi: "Baba Goni, Allah ya gafarta maka, mu koma kan tambayar." Shi kuma ya ce to, ya ba ni amsa gajeriya, in yi alama a takarda.

A rana ta huɗu na iske ya shimfiɗa farar takarda a kan allo, ga zare da allura a gefe. Ya ce in zauna kusa.

"Malam Kyari, jibi zan fara ta ƙarshen. Da, kwana biyar nake yi. Yanzu ido ba ya ba ni sai hantsi, za ta ci mini sati uku. Zauna ka ga farkonta da ƙarshenta. Kai za ka riƙe mini zaren."

Na ce, "Baba Goni, ai na ɗauki hotunan ukun nan, sun fito sarai."

"Hoton ya nuna maka wane layi aka fara ja?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ya nuna maka me ya sa ja yake shiga kafin rawaya, kore kuma sai an kwana? Akwai dalili. Malamina bai faɗa mini da baki ba, sai da hannuna yana kan takarda. Ni ma ban iya faɗarsa a zaune haka ba. 'Ya'yana maza suna kasuwa suna sayar da waya, Allah ya yi musu albarka. Waɗanda na koyar a gida, fitina ta watsa su, ban san inda ko ɗaya yake ba. Kai ne ka fara zuwa ka tambaya."

Yagana tana bakin ƙofar ɗaki da turmi a gabanta, ta daina daka. Ta ce, "Malam Kyari, zauren nan ba kowa. Ka bar masaukin can ka dawo nan, abin da muka ci ka ci."

Nan ne wurin da nake tsallakewa in ana tambayata a majalisa. Wayata tana aljihuna, da kati a ciki. Ba abin da ya hana ni fita ƙofar gida in kira Farfesa in gaya masa abin da aka yi mini tayi. Na tuna muryarsa, na tuna "sai baɗi", na tuna abokan karatuna biyu da suka riga ni gamawa ana kiransu dokta a gabana. Ban kira ba. Na ce wa Goni ina da zama a jami'a wanda ba ya ɗaguwa, amma da na gama zan dawo, in sha Allahu, ko wata biyu ba za a yi ba.

Bai yi gardama ba. Ya naɗe zaren a yatsansa ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a. Ba zan iya jiranka ba, ɗana, idon nan kullum raguwa yake." Ya sa hannu a kaina ya yi mini addu'a mai tsawo. Yagana ta ba ni kwalbar turare in kai wa matata.

Dawowar ba ta da labari, sai dai na rubuta rabin takardata a kan gwiwa a cikin mota. Na kwana ɗaya a gida, na kama hanyar jami'a. Na isa sashe ranar da aka sa, da babbar riga da kwafi goma a hannu. A jikin ƙofar ɗakin taron na ga takarda an manna: an ɗage zaman sai abin da hali ya yi, biyu daga cikin malaman sun yi tafiya.

Na wuce ofishin Farfesa. Na kunna masa hotunan a kwamfuta. Ya cire tabarau ya matso, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na ba shi labarin zayyana ta huɗu da tayin da Goni ya yi mini, sai ya juyo gaba ɗaya.

"Ya ce ka zauna ka ga yadda ake yi, ka taho?"

"Ranka ya daɗe, saboda zaman ne."

"Wane zama? Kyari, me ya sa ba ka kira ni ba? Wallahi da ni da kaina zan je in roƙi a ɗaga maka. Shekara talatin ina wannan fanni, ba wanda ya taɓa ce mini zo ka riƙe zare."

Na yi niyyar juyawa a satin. Sai jarrabawar ɗalibaina ta taso a kwaleji, aka hana ni izini. Kafin a gama ruwa ya sauka, hanyar Gamboru ta zama baƙar laka, motoci suna kwana biyu-uku a kafe. Na ce bari damina ta ɗauke. Nakan kira Yagana lokaci-lokaci. Ta ce ya fara, ya ja layukan duka, ita take riƙe masa zaren in ta samu sarari. Daga baya ta ce ya sa ja, amma ya tsaya, jikin ba daɗi. Wata Laraba da hantsi ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Na fita baranda. Ta ce, "Malam Kyari, Baba ya rasu jiya, an kai shi." Zazzaɓi ne na kwana biyar. Zayyanar tana nan a gafaka, ja kawai ne a jikinta.

An yi zaman daga ƙarshe, bayan wata huɗu. An yaba mini. Wani malami ya ce hotunan kaɗai sun isa babi. Wata kuma ta tambaye ni a wane tsari ake sa launukan, kuma me ya sa. Na ce ja ne farko, sai rawaya, sai kore. Ta ce, "Dalili fa?" Na ce ana kan bincike.

Bayan sadakar arba'in Yagana ta sake kirana. Ta ce ba su da muryarsa ko ɗaya, ba wanda ya taɓa tunanin ɗauka, ko zan taimaka in tura musu abin da na naɗa, jikokinsa su riƙa ji. Na ce ba komai. Tun da na kwashe amsoshin da nake buƙata ban sake saurarar hirar daga farko ba, sai ranar. Na rufe ofis na kunna.

Awa uku da wani abu ce. Na ji shi yana dariya, na ji ƙarar turmin Yagana daga nesa. Na ji ya fara: "Ranar da malamina ya ba ni jan farko, sai ya kama hannuna ya ce..." Sai ga wata murya, mai ladabi, mai sauri: "Baba Goni, Allah ya gafarta maka, mu koma kan tambaya ta bakwai." Na mayar baya na sake ji. Na ci gaba. Ya ɗauko zancen gidansa na Konduga da abin da ya binne a gindin bango ranar da za su gudu, muryar ta sake shigowa. Na daina ƙirgawa a na goma sha ɗaya.

Na yi tunanin in yanke muryata in tura musu tasa kaɗai. Na gwada, sai maganar ta zama guntu-guntu, ba kai ba gindi. Na tura yadda take.

Kwana biyu ba ta ce komai ba. A na uku ta turo saƙon murya. Ta yi godiya sosai, ta ce duk gidan sun taru sun ji, har ƙannenta sun rufe shago sun zo, an sha kuka. Ta yi mini addu'a Allah ya sa in gama karatuna lafiya. Daga ƙarshe ta ce:

"Amma Malam Kyari, labarin malamin nan nasa, mu ma bai taɓa ba mu shi ba. Me ya sa ba ka bar shi ya ƙarasa ba?"

Har yau ban ba ta amsa ba.